Takardar harajin ɗan siyasa a allon talabijin: labari ne ko wasan kwaikwayo?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman a taya ni tunani. An ba mu aikin gida kan yadda talabijin ke kawo labarin harajin 'yan siyasa, shi ne jiya da dare na zauna na kalli shirin Rachel Maddow na tashar MSNBC, na ranar 14 ga Maris 2017. Ga wanda bai san zancen ba: kusan awa ɗaya da rabi kafin shirin ta rubuta a Twitter cewa takardun harajin Donald Trump sun zo hannunsu, a tara da ƙarfe tara na dare. Lokacin bai cika wata biyu a kan mulki ba, kuma tun yaƙin neman zaɓe ake fama da shi ya fitar da takardun ya ƙi. Mutum fiye da miliyan 4 suka kalla. Wallahi ni da na san ƙarshen labarin ma sai da na ƙosa. Ta shafe wajen minti 20 tana shimfiɗa, aka tafi talla aka dawo, sannan aka ɗago takardar. Ashe shafi biyu ne kacal, na shekarar 2005. Abin da ke ciki, ya samu sama da dala miliyan 150, ya biya harajin dala miliyan 38. Abin haushin ma, Fadar White House ta riga ta raba wa 'yan jarida waɗannan alƙaluma kafin a buɗe shirin. To laifin mai gabatarwa ne, ko talabijin ne ba zai iya ɗaukar irin wannan labari ba?

Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni kai tsaye na kalle shi a daren, har barci na hana idona. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai! Amma a yi wa matar adalci. Duk Amurka an shekara ana neman takardar nan, ita kuwa ta nuna wa mutane wani abu da ido. Da ke ce aka kawo wa, ajiyewa za ki yi a aljihun tebur?

Akanta:
Ba a ce ta ajiye ba, Malam. An ce kar ta sayar da rogo a matsayin kitse. Bari in faɗa muku abin da shafi biyun nan suke. Takardar da ɗan Amurka ke cikawa duk shekara, wadda suke kira fom 1040, shafukanta na farko jimla ce kawai: ga abin da na samu, ga abin da aka cire mini, ga abin da na biya. Daga ina kuɗin suka fito, wane kamfani ya ci riba, wanne ya yi asara, me aka rubuta a matsayin kuɗin gudanar da kasuwanci, duk wannan yana cikin takardun da ake liƙawa a baya, kuma na attajiri kan kai ɗaruruwan shafuka. Wanda ya ba ka shafi biyun farko ya nuna maka bangon littafi ne.

Kuma ko a shafi biyun akwai labari, sai dai ba shi aka sa a gaba ba. Daga cikin miliyan 38 ɗin nan, kusan miliyan 31 wani haraji ne na musamman da aka ƙirƙira don kada mai kuɗi ya yi ta cire-cire har ya tashi ba ya biyan komai. Ba don shi ba, abin da zai biya bai wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. Kuma wannan harajin na cikin waɗanda Trump ya ce zai soke idan ya ci zaɓe. Ga labari a nan, jimla biyu. Da ni ne da shi zan buɗe shirin.

Tsohon Edita:
Akanta, da kai ne da an kore ka a sati na biyu. (Wasa nake.) 'Yata, na yi shekaru a ɗakin labaran talabijin kafin in ajiye aiki, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki. Jarida na sayar da labari, talabijin na sayar da zama. Idan kika faɗi komai a minti na farko, mai kallo ya ɗauki rimot ya tafi. Shi ya sa ake jan rai, ana cewa ku biyo mu bayan wannan talla. Wannan ba sirri ba ne, kowane furodusa ya san shi.

Na taɓa gayyato wani masanin haraji ya yi mana bayanin takardun wani ɗan siyasa. Dattijo ne mai natsuwa, ya zo da fayil ɗinsa ya liƙa 'yan takardu masu launi a gefen shafuka. Muka naɗi hira ta minti 25. Har yanzu ina ganinsa yana lasar yatsa yana buɗe shafi yana cewa "a nan fa ake yin ta". Da aka kai ɗakin tacewa, furodusa ya tsaya a bayana yana duban agogo, ya ce daƙiƙa 40 ya ware wa labarin. Muka cire duk inda dattijon ya ce "amma", muka bar inda ya ce abin na da ɗaure kai. Washegari ya kira ni, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, abin da ka sa a bakina ba ƙarya ba ne, amma ba shi na ce ba." Na fi shekara ina jin kunyar haɗuwa da shi.

Hajiya Malama:
Allah sarki Baba. Wannan "amma" da kuka cire ita ce ilimin gaba ɗaya.

Ɗan Kallo:
To amma ku tsaya. Ku masana kuna son a zauna awa guda ana karanta mana jadawali, wa zai kalla? A Satumbar 2020 jaridar New York Times ta fitar da dogon bincike kan harajin Trump na sama da shekara 20. Mutum nawa suka karanta shi har ƙarshe? Abin da ya shiga kunnen duniya lamba ɗaya ce: dala 750 ya biya wa gwamnatin tarayya a 2016, ya sake biyan 750 a 2017. Kuma talabijin ne ya kai ta kowane falo. Mai aikin albashi da ake yanke wa haraji tun kafin kuɗin su iso hannunsa ba ya buƙatar akanta ya fassara masa 750.

Akanta:
Lambar gaskiya ce, ban musa ba. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A cikin binciken nan an nuna cewa a shekara 10 cikin 15 da suka gabata bai biya harajin kuɗin shiga ko sisi ba, saboda yana rubuta asara mai yawa. An nuna akwai bashin dala miliyan 421 da shi da kansa ya tsaya a kai, mafi yawansa lokacin biyansa na ƙaratowa. An nuna akwai dala miliyan 72.9 da hukumar haraji ta IRS ta mayar masa, kuma ana taƙaddama a kansu. Ka gaya mini, shugaban ƙasa da ake bi bashin miliyan 421, da dala 750, wanne ya fi shafar yadda zai yi mulki? Amma me aka yi ta maimaitawa a allo? 750, sai kuma dala dubu 70 na gyaran gashi. Saboda gashi na da hoto, bashi ba shi da hoto.

Ɗan Kallo:
Gyaran gashin ma ai labari ne, Akanta. Kai dai ba ka son mutane su yi dariya.

Barista:
Bari in sa baki ta ɓangaren doka, don na ga ana cakuɗa abu biyu. A Amurka babu dokar da ta tilasta wa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fitar da takardar harajinsa. Al'ada ce. Abin da doka ta tilasta, tun 1978, shi ne bayyana kadarori da basussuka a wani fom daban, kuma shi ba ya neman ainihin adadi, sai dai a ce abu kaza darajarsa tsakanin kaza da kaza ce. Jihar Kaliforniya ta yi ƙoƙarin mayar da fitar da takardar haraji sharaɗin shiga zaɓen fidda gwani a 2019, kotun ƙolin jihar ta soke dokar.

Ita al'adar daga shugaban Amurka Richard Nixon ta samo ƙarfi. A 1973 wani ɗan jarida mai suna Jack White, na wata jarida a birnin Providence, ya gano cewa Nixon ya biya dala 792 a 1970 da dala 878 a 1971, alhali albashinsa dala dubu 200 ne a shekara. Dabarar ita ce ya ba wa ma'ajiyar tarihin ƙasa takardunsa na lokacin da yake mataimakin shugaba, aka yi musu kuɗi mai tsoka, ya cire daga abin da za a caje shi. Kalmar nan da kowa ya sani, da ya ce shi ba ɗan damfara ba ne, ranar 17 ga Nuwamba 1973 ya faɗe ta a gaban editoci ana nunawa a talabijin, kuma a kan dukiyarsa yake magana. Daga baya aka ce ya biya sama da dala dubu 400 da ake bin sa. Ku lura da tsarin: jarida ta tono, talabijin ya kama fuskar mutumin yana kare kansa.

Tsohon Edita:
Barista ka taɓo inda nake son zuwa. Talabijin bai iya tono ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Binciken da New York Times ta fitar a Oktoban 2018, wanda ya nuna Trump ya samu aƙalla dala miliyan 413 a ƙimar kuɗin lokacin daga dukiyar mahaifinsa, 'yan jarida uku ne suka shafe wajen wata 18 a kansa: David Barstow, Susanne Craig da Russ Buettner. Wane shirin dare ne zai bar ma'aikata uku shekara ɗaya da rabi ba su fito a allo ba?

Amma akwai abin da talabijin ke yi wanda takarda ba za ta taɓa yi ba. 'Yata, nemi hirar da gidan talabijin na SVT na ƙasar Suwidin ya yi da firaministan Iceland, Sigmundur Gunnlaugsson, wadda aka nuna ranar 3 ga Afrilu 2016 lokacin badaƙalar takardun Panama, waɗanda suka fallasa masu ɓoye dukiya a kamfanonin ƙasashen waje. An fara hira lafiya lau, mutumin na ta bayani kan muhimmancin kowa ya biya haƙƙinsa. Sai mai tambaya ya jefo sunan wani kamfani, Wintris, ya ce me zai iya cewa a kansa. Ki dubi fuskarsa a wannan daƙiƙar. Ya fara in-ina, ya ce idan bai manta ba kamfanin na da alaƙa da wani kamfani da ya taɓa zama a kwamitin gudanarwarsa, ya dawo ya ce ana neman a mayar da abin da ba komai ba abin zargi, ƙarshe ya miƙe ya fita. Su kuwa 'yan jaridar takardu na hannunsu: shi da matarsa suka mallaki kamfanin a waje, kamfanin na bin bankunan Iceland da suka durƙushe kuɗi, kuma ya sayar wa matar rabonsa a kan dala ɗaya a ranar ƙarshe ta 2009. Washegarin nuna hirar dubban mutane suka cika gaban majalisa a Reykjavik. Ranar 5 ga wata ya sauka daga kujerar.

Bambancinsa da daren Maddow a fili yake. Su sun gama aikin gida kafin su kunna kyamara, kuma mai amsa tambayar na zaune a gabansu. Ita takarda ce a hannunta ba mai amsawa, sai ta cike gurbin da "wataƙila" da "me zai hana".

Hajiya Malama:
Baba, ina da ja a nan. Idan fuska ce hujja, to wanda ya iya ƙarya ya tsira ke nan. Jérôme Cahuzac fa? Ministan kasafin kuɗin Faransa ne, shi ke da alhakin farautar masu ɓoye dukiya don gudun haraji. Kafar Mediapart ta ce yana da asusu a Suwizalan a Disambar 2012. Ya musa a majalisa, ya zauna a talabijin ya kalli mai tambaya ido cikin ido ya musa, ko gezau. Mutane da yawa suka yarda da shi, har ana cewa Mediapart ta kawo hujja ko ta yi shiru. Sai a Afrilun 2013 ya amsa da bakinsa cewa akwai kusan yuro dubu 600 a waje. Kyamara ba ta kama komai a fuskarsa ba.

Tsohon Edita:
Kin yi gaskiya Hajiya, na karɓa. Sai dai faifan bai ɓata ba. Ranar da ya amsa laifi, wannan musun da ya yi ido cikin ido shi aka yi ta maimaitawa, kuma shi ya hana shi samun wurin ɓuya. A shekarar ce Faransa ta kafa hukuma ta musamman mai duba bayanan kadarorin masu riƙe da muƙami. Shi ya sa nake gaya wa yara masu tasowa: yi tambayar a sarari, ka bar shi ya amsa a sarari, ko da ka san ƙarya yake yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kai dai ka adana faifanka.

Mai Ja da Baya:
Tun ɗazu ina karantawa, duk misalanku na gefe ɗaya ne. Ku faɗi gaskiya, gidajen talabijin ɗin nan kowa da ɗan takararsa. A 2012 Harry Reid, jagoran 'yan Democrat a majalisar dattawa, ya tashi ya ce wani ya gaya masa Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya shekara 10 bai biya haraji ba. Bai kawo takarda ko ɗaya ba, bai faɗi sunan wanda ya gaya masa ba. Aka kwana ana juya zancen a tashoshi. Da Romney ya fitar da nasa na 2010 da 2011, ya biya kusan kashi 14 cikin ɗari kowace shekara. Wa ya dawo ya ba shi haƙuri?

Ɗan Kallo:
To me ya hana shi fitar da na shekara goman ya kunyata Reid? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mahaifinsa George Romney da ya nemi takara na shekara 12 ya fitar a 1967, ya ce shekara ɗaya na iya zama dace ko kuma an shirya ta don a nuna.

Mai Ja da Baya:
Ka ga irin tunanin da nake faɗa. Wato duk wanda aka yi wa ƙazafi shi zai kawo hujjar wanke kansa? Gobe in na ce kai ɓarawo ne sai ka kawo mini takardun bankinka?

Ɗan Kallo:
Ni ban nemi a ba ni ƙasa in riƙe ba, Malam.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. A tsaya kan batu, ban da nuna yatsa.

Barista:
Dukkanku kuna da rabin gaskiya. Mai Ja da Baya ya yi daidai cewa ɗaukar zargi maras hujja a yi ta nanatawa da sunan "ana cewa" ba aikin jarida ba ne. Ɗan Kallo kuma ya yi daidai cewa mai neman mulki ba daidai yake da mai zaman kansa ba. Abin da ya fi damuna a matsayina na lauya shi ne yadda ake cakuɗa kauce wa haraji ta hanyar da doka ta yarda, da zambar haraji wadda laifi ce. A allo duk "badaƙala" ake rubutawa da jan rubutu. Asarar dala miliyan 916 da ta bayyana a takardun Trump na 1995, waɗanda aka aiko wa Susanne Craig ta gidan waya a 2016, doka ta ba shi damar jan ta zuwa shekaru masu zuwa yana rage haraji. Za ka iya cewa dokar ba ta yi adalci ba, wannan muhawara ce mai kyau. Amma ka faɗa wa mai kallo cewa dokar kake tuhuma.

Sannan akwai wanda ake mantawa da shi, wato wanda ya kwarmata. A Amurka ɗan jarida na da kariya idan ya wallafa abin da ya shafi jama'a matuƙar ba shi ya sato ba, kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 2001. Ma'aikacin da ya fitar kuwa ba shi da wannan kariya. Charles Littlejohn, ɗan kwangila a IRS wanda ya ba New York Times bayanan Trump, ya kuma ba kafar binciken labarai ta ProPublica na dubban attajirai, shekara 5 aka yanke masa a Janairun 2024.

Akanta:
Shi ya sa tambayar farko idan takarda ta faɗo hannunka ita ce: wa ya aiko, me yake so? Shafi biyun Maddow ta akwatin gidan waya suka zo wa David Cay Johnston, ɗan jaridar da ya kawo su shirin, ba sunan mai aikowa, kuma akwai hatimi a jiki da ke nuna kwafin mai takardar ne, ba na hukuma ba. Shi kansa Johnston ya faɗa a shirin cewa ba mamaki Trump ne ya sa aka aiko. Ba wanda ya tabbatar da haka. Amma shekarar da aka zaɓa shekara ce da ya biya haraji mai kauri, biri ya yi kama da mutum.

Hajiya Malama:
Kuma lokacin fitarwa ma dabara ce. Rishi Sunak, firaministan Birtaniya na lokacin, ya fitar da taƙaitaccen bayanin harajinsa ranar 22 ga Maris 2023, ranar da duk kyamarorin Ingila ke kan Boris Johnson yana amsa tambayoyin kwamitin majalisa. Kwamitin majalisar wakilan Amurka kuma da ya samu takardun Trump na 2015 zuwa 2020 bayan shari'ar shekaru, sai ranar 30 ga Disamba 2022 ya sake su, ana tsakiyar hutun ƙarshen shekara. Abin da aka shekara shida ana ihu a kansa ya zo ya wuce kamar ba a yi ba. Alhali a rahoton kwamitin akwai maganar da ta fi ta gashi nauyi: ƙa'idar IRS tun 1977 ita ce a binciki harajin shugaba mai ci duk shekara, kuma ba a yi hakan a shekaru biyun farko na mulkinsa ba.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya, matan aure da mazan aure. Geraldine Ferraro a 1984, mace ta farko da babbar jam'iyya ta tsayar takarar mataimakin shugaba, sai da ta zauna gaban 'yan jarida sama da awa guda tana amsa tambaya kan harkokin kuɗin mijinta. Matar Sunak ma an yi da ita kan harajinta a 2022. Ina iyakar abin?

Barista:
Iyakar ita ce inda dukiyar ta haɗu, Hajiya. Ba ga na Iceland ba? Da dala ɗaya ya mayar da kamfanin sunan matarsa. In aka ce ba a taɓa iyali, kowa zai yi haka.

Ɗalibar Jarida:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na cika shafi huɗu da rubutu. Ina ganin zan ɗora aikin kan kwatanta daren Maddow da hirar Iceland. Tambaya ɗaya ta rage. Na karanta cewa a Norway kowa na iya duba abin da wani ya samu da harajin da ya biya. Idan kowace ƙasa ta yi haka, ba shi ke nan an huta da wasan kwaikwayon ba?

Akanta:
Haka ne, ana dubawa a intanet, sai dai tun 2014 wanda kika duba zai ga sunanki, kuma hakan ya rage masu leƙen maƙwabta sosai. Amma kar ki sa rai an huta. A Finland duk farkon Nuwamba hukumar haraji ke sakin bayanan shekara, 'yan jarida a da sukan yi layi a ƙofar ofishin tun da sassafe, har ana yi wa ranar laƙabi da ranar hassada ta ƙasa. Kafin azahar an jera waɗanda suka fi kowa samu, da 'yan wasa da mawaƙa.

Tsohon Edita:
'Yata, in kin gama ki turo mini in duba kafin ki miƙa. Kuma ki ƙirga da agogo minti nawa Maddow ta yi kafin ta nuna takardar, kar ki rubuta "wajen 20" don kin ji ana faɗa. Malaminku zai tambaya.

Ɗan Kallo:
Baba, ita ma daƙiƙa 40 za ka ba ta?

Tsohon Edita:
Kai dai Allah ya shirye ka.